Abin da fadamar Hadeja da Nguru ta koya mini

A makaranta an koya mana auna ruwa da yawansa: ruwan sama nawa aka yi, nawa kogi ya kwaso. Da aikin malamin gona ya kai ni ƙauyukan Guri da Kirikasamma, sai na tarar mutanen fadama suna da nasu lissafin. Abin da suke tambaya shi ne yaushe ruwa ya zo, yaushe kuma zai janye.

Kogin Kano da na Chalawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Hadeja. Da ya wuce garin Hadeja, ƙasa ta shimfiɗe, sai tsofaffin tuddan yashi da ke rarraba shi rassa-rassa. Reshen Marma ya nufi tafkin Nguru. Kogin Jama'are kuma ya gangaro daga tsaunukan Jos, ruwayen su haɗu wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke ƙarewa a tafkin Chadi. A taswira layi ɗaya shuɗi za ka gani. A ƙasa kuwa, inda ka bi da babur a watan Maris, a Satumba sai da kwale-kwale.

Fili ɗaya a nan yana da masu shi uku. Manomi ya shuka shinkafa da ruwan farko, ambaliya ta zo ta same ta ta yi ƙarfi. Kifi ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa, ruwa na janyewa masunta su kama. Danshin da ya rage a shuka wake a kai, rani na yi Fulani su sauko da shanu. Kowa da lokacinsa, kuma duk tsarin ya rataya ne a kan fadama ta cika sannan ta bushe. Bushewar nan ce ban taɓa jin an ba ta muhimmanci a aji ba.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992. Ba na cikin masu zaginsu; Kano na sha daga ruwan nan, shinkafar Kura da tumatir ɗin Kadawa ma da shi ake noma su. Amma madatsa tana riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa da rani, sai ambaliya ta rage ƙarfi, hanyoyin ruwa kuma suka daina bushewa. Ciyawar kachalla ba ta son komai sai wannan. Ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya ya malale gonakin wasu ya zauna, na ƙasa da su kuma suna jira bai iso ba. Ga tsuntsun jan baki da ke kwana a cikinta, da asuba ya faɗa wa shinkafa. Na ga mutanen gari sun yi gayya da adda da lauje, ruwa iya ƙirji, suna buɗe hanya, bayan 'yan watanni ta sake toshewa.

Hanyoyin mota ma ruwa ne ya tsara su. Garuruwa a kan tudu suke, hanyar da aka ɗaga ta ratsa fadama kuwa ita kanta ƙaramar madatsa ce. Shi ya sa in an kawo mini kukan gona ta nutse, nakan fara leƙa kwalbati kafin in duba ƙasa.

Wuraren tarihi ba su da yawa a ido, amma suna nan. Akwai ragowar ganuwar Hadeja, garin da ya yi yaƙi da Turawa a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Akwai Gorgoram, tsohuwar hedikwatar Badawa, inda ake bikin kamun kifi. Akwai tashar jirgin ƙasa ta Nguru, ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano ya iso a 1930, ya mai da garin kasuwar gyaɗa da fatu. Baturiya da Dagona kuwa tsuntsaye ne suka yi musu suna, waɗanda ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan. Baƙi sukan zo da madubin hangen nesa. Manomi dai in ka ce masa tsuntsu, jan baki ne ke faɗo masa a rai.

Har yanzu babu babbar madatsa a kan kogin Jama'are, don haka shi ne ke kawo ambaliya irin ta da, mai zuwa da ƙarfi ta tafi. Madatsar Kafin Zaki da aka fara a Jihar Bauchi ba a gama ta ba, lokaci-lokaci maganarta takan taso. Mutanen can suna da hujjarsu ta neman noman rani. Ni dai in an tambaye ni, kafin a zuba siminti a fara zama da masuntan Gashuwa da manoman Guri, a rubuta watan da za a saki ruwa da watan da za a bar fadama ta bushe.