Mai hannu takwas a gidan maƙwabcina

Yau maƙwabcina a nan Malesiya ya kira ni in taya shi ɗaure murfin tankin oktofus ɗinsa, halittar tekun nan mai hannu takwas. Wai jiya da dare saura ƙiris ta sulale ta bututun tace ruwa. Ba ta da ƙashi ko ɗaya, duk ramin da bakinta ya shige, jikinta zai bi.

Muna cikin aiki ya jefa mata kwalba da ƙaguwa a ciki. Ta naɗe kwalbar, ta yi ta murɗa murfin har ya buɗe, jikinta na rikiɗa daga fari zuwa ja. Sai ya ce yawancinsu ba sa wuce shekara 2. Wallahi na ji tausayinta, wayo haka amma rai gajere.