Godiya bayan suna

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi suna lafiya, baƙi sun watse, sai yanzu na samu sukunin riƙe waya. Jikina duk ya yi tsami, amma raina ba zai kwanta ba sai na rubuta wannan. Waɗanda suka bi mu tun farkon lamarin sun san abin da muka sha wajen neman lafiya da haihuwa, ba sai na maimaita ba.

Godiyata ta farko bayan Allah ta Hajiya ce, mahaifiyar maigidana. Ta hana ni ambatonta, ta ce abin da aka yi don Allah ba a shelarsa. Ki gafarce ni Hajiya, yau kam sai na faɗa. Lokacin da al'adata ta ɗauke, nono yana zuba alhali ba ciki ba goyo, kowa ya zama likita a kaina. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce namijin dare, wata ta ce sammu. Hajiya ce ta tsaya kai da fata ta ce sai an auna jini tukuna. Da aka auna, sai ga sinadarin furolaktin, wanda ke kawo ruwan nono, ya yi sama sosai, alhali a mace marar ciki bai kamata ya wuce wajen 25 ba. Yawansa ne ke hana ƙwai fita, shi ya sa babu al'ada, babu ciki. Aka duba maƙoƙo aka ga lafiya, aka tambaye ni ko ina shan maganin amai ko na ƙwaƙwalwa, domin wasunsu suna ɗaga sinadarin. Daga nan aka tura ni hoton MRI, wato hoton cikin kai.

Ranar da sakamakon hoton ya fito, kalma ɗaya kunnena ya kama: ƙari. Ƙari a cikin kai. Likita yana ta bayanin cewa ɗan ƙarami ne, bai kai milimita 10 ba, yana jikin wata 'yar tsoka da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ba daji ba ne, kuma galibi magani ke motsar da shi ba tare da tiyata ba. Ni dai ina kallon bakinsa ne kawai. Allah Ya saka wa wannan bawan Allah, da ya lura hankalina ya tafi, sai ya ajiye biro ya sake faɗa mini da Hausa, a hankali, har na gane.

Aka ɗora ni a kan bromokriftin, rabin ƙwaya da daddare tare da abinci. Wanda ya sha ya san shi. Tashin zuciya, toshewar hanci, ga jiri in ka miƙe da sauri. Wata asuba na ɗago daga sujada, sai duhu ya rufe mini ido, na zube a kan sallaya. Ina farfaɗowa na ji kaina a cinyar Hajiya, tana shafa mini ruwa a fuska da gefen mayafinta, tana tofa mini addu'a. Na fashe da kuka na ce ni na haƙura da maganin nan, in ya so ɗanta ya ƙara aure. Ta ce, "'Yar nan, ni ba jika na zo nema a wajenki ba, lafiyarki nake nema. Tashi a hankali." Tun daga ranar ita ke dama mini kunu kafin in sha ƙwayar, ta zauna a bakin gado har barci ya ɗauke ni. Mace mai ciwon gwiwa, amma ko sau ɗaya ba ta nuna gajiya ba. Ita ce kuma ta ce a koma a gaya wa likita gaskiya maimakon in daina sha a ɓoye. Ya sauya mini zuwa kabagolin, wanda ake sayarwa da sunan Dostinex, sau biyu a mako, jikina ya fi karɓarsa nesa ba kusa ba. Tsada ce da shi, kuma a nan Yayana na Kaduna ya rufa mana asiri, bai taɓa bari kwali ya ƙare ba a sayi wani ba. Yaya, Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato.

Al'ada ta dawo, lambar furolaktin ta sauka, sauran labarin ga shi nan a zanen goyo.

Maigida, Allah Ya bar mu tare, ka toshe kunnenka ga maganganu masu yawa saboda ni. Ƙanwata da ta riƙa bin layin awon jini tun da sanyin safiya, da maƙwabciyata mai aiko da fate in bakina ya ƙi komai, Allah Ya biya muku bukatunku. Akwai 'yan uwa na jini da na sa ran ko a waya za su ce ya jiki, ban ji su ba sai ranar suna. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma na gode da zuwan.

Ya Allah, duk matar da ke cikin wannan jarrabawa, Ka yaye mata. Ka ba ta mai tsaya mata kamar yadda Ka ba ni, Ka hore mata kuɗin magani, Ka sanyaya mata ido da zuri'a ɗayyiba. Ka ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka raya mana wannan yarinya bisa tafarkin Musulunci.

Masu tambaya ko har yanzu ina shan magani: likita ya dakatar da shi tun da ciki ya tabbata, kuma yanzu ina shayarwa, shi kuwa yana tsayar da nono. Bayan yaye za a sake awo a ga abin da ya dace. Waɗanda ban amsa saƙonsu ba ku yi mini uzuri, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in sha Allah.