Ƙyale-ƙyale, kayan ƙawa ko tarkace?

Ɗan tsuntsu ne na tangaran, bai kai tsawon yatsa ba, yana zaune a kan kanta. Mai shi ya ce kayan ƙawa ne, baƙo ya ce ƙyale-ƙyale, mai goge ƙura kuma ta ce tarkace. Abu ɗaya, suna uku, kuma kowane suna hukunci ne.

Ƙyale-ƙyale kalma ce ta abin da ke ɗaukar ido amma rayuwa ba ta tsaya a kansa ba: 'yan gumakan gilashi, ƙananan tukwanen fure, kwafin da ba a shan komai a ciki, agogon da ya daina aiki amma yana da kyan gani. Ba a cika faɗin ta ita kaɗai ba, sai a ce "kayan ƙyale-ƙyale", kuma ta wuce ɗaki, domin ana cewa mota ko waya ta cika ƙyale-ƙyale idan adonta ya rinjayi amfaninta. Akwai ɗan ragi a cikinta, ba zagi ba. "Kayan ƙawa" kuwa yabo ne tsantsa, daga nan aka sami ƙawata. Tarkace shi ne inda abin ya lalace: ƙananan abubuwa barkatai, babu tsari, babu mai kula. Ƙasa da shi akwai komatsai, kalmar da ake yi wa wanda ake so ya kwashe ya tafi, da shirgi, wanda yawa da tsibi kawai yake nufi. Kuskure ne mai rubutu ya sa tarkace a inda yake nufin tarin abin sha'awa, don ya zagi kayan bai sani ba.

Kada a raina irin wannan tari. Gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford, wanda aka buɗe a 1683, ya faro ne daga abubuwan al'ajabin da iyalin Tradescant suka tara. Na Birtaniya da ke Landan kuma an kafa shi a 1753 a kan kayan likita Hans Sloane, kimanin guda 71,000. Abin da ya raba su da shirgi shi ne an san kowane abu, an rubuta shi, an ba shi wuri.

To, wurin shi ne farko. Kanta ta cika maƙil ba ta nuna komai, ido ba ya samun inda zai sauka. A bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakanin rukuni da rukuni, dogo a baya, gajere a gaba, masu nauyi a matakin ƙasa. Abin da ya rage a naɗe shi a ajiye, a riƙa sauyawa bayan 'yan watanni. Rana kai tsaye tana kashe launin zane, fata da yadi, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Idan akwai yaro ɗan ƙasa da shekara uku a gida, duk abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba ya koma sama ko cikin kabad mai gilashi, saboda shaƙewa.

Yawancin ɓarna wajen tsabtacewa take faruwa. Tsumma yana kama kunne ko fiffike ya karya, shi ya sa burushi mai laushi ya fi, daga sama zuwa ƙasa. A ɗauki abu da hannu biyu ta jikinsa, ba ta mariƙi ko wuya ba, nan ne tsohon gyara yakan ɓoye. Tangaran mai sheƙi ana wanke shi a robar da aka shimfiɗa wa tawul, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka taɓa liƙawa, ko mai ruwan zinariya a baki, ko yumɓun da ba shi da sheƙi, kada a jiƙa shi: ruwa na sakin gam, yumɓu kuma ya sha ya yi tabo.

Ƙarfe mai kamar tagulla yana son a gwada shi kafin a taɓa. A kanga masa maganaɗisu. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafen tagulla, kuma gurza mai ƙarfi za ta cinye shafen har ƙarfen ya bayyana ya fara tsatsa. Idan bai kama ba kuma babu fentin kariya a kansa, rabin lemun tsami da ƙaramin cokalin gishiri sun isa, a goga a hankali, a ɗauraye sosai, a busar nan take. Gishirin da ya maƙale a lungu shi ke jawo koren tsatsa mai cin ƙarfe. Tsohon abu kuwa, duhun da shekaru suka ba shi yana cikin darajarsa, a bar masa abinsa. Azurfa tana baƙi ne saboda sinadarin farar wuta da ke cikin iska, kuma zoben roba da ulu suna hanzarta hakan, don haka kada a ɗaure ta da roba.

Sassaƙen itace ba ya son ruwa ko mai. Idan aka ga gari mai laushi a ƙarƙashinsa da 'yan huji kamar na allura, ƙwaro ne a ciki. A ware shi daga sauran, a rufe shi ruf a leda, a sa a firiza mai ƙarfi mako guda, sannan a bar shi sanyin ya sake shi a cikin ledar kwana ɗaya kafin a buɗe, don kada gumi ya sauka a kan itacen.

Wajen saye, a guji hauren giwa da ƙoƙon kunkurun teku. Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, ta hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma jami'an kwastan suna ƙwace irin waɗannan kaya a filin jirgi. Duk abin da ya shigo hannu, a rubuta inda ya fito da shekarar da aka same shi a 'yar takarda da fensir, a sa a ƙarƙashinsa. Kada a manna masa salatif, gam ɗinsa yana barin tabo, wani lokaci ya ɗago fenti.