Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ranar Juma'ar da ta wuce Baba ya ci tuwon shinkafa da miyar kuka da hannunsa, loma bakwai, ina zaune kusa da shi ina ƙirgawa a raina. Rabonsa da haɗiye tuwo wata goma sha huɗu ke nan. Tun a daren na yi niyyar rubuta wannan saƙo, domin mutanen da suka ɗauki nauyin wannan jinya tare da mu sun fi ƙarfin in bi su gida-gida. Godiya ta farko ta Allah ce, Mai cuta Mai magani.

Da yawa cikinku kun ji dai ana cewa Baba ba lafiya, kuka ba da abin da kuke da shi ba tare da kun tambayi mene ne ba. Haƙƙinku ne ku sani. Sankarar maƙoshi ce, wato bututun da abinci ke bi daga wuya zuwa ciki. Ta fara ne a hankali. Nama ne ya fara tsaya masa a ƙirji, sai ya kora da ruwa. Daga nan tuwo, daga nan shinkafa, har ya koma kunu da koko. Mun yi wata biyar muna sayen maganin olsa a kemis, muna haɗawa da jiƙe-jiƙe, wasu ma na cewa jifa ne. Wandunansa suka yi masa yawa, ya sauko daga kilo 68 zuwa 49. Ranar da na ga ya kurɓi ruwa ya dawo masa ta hanci, na san mun yi sakaci. Wannan wata biyar ɗin har yau yana ci mini rai.

Saboda haka mutum na farko da zan gode wa shi ne matashin likitan nan na asibitin gwamnati da ke garinmu. Tambaya ɗaya ya yi: “Baba, abinci mai tauri ne ya fara tsaya maka, ko ruwa?” Da ya ji amsa bai rubuta ko ƙwaya ɗaya ba, takardar turawa asibitin koyarwa ya rubuta, ya ce da ni, “Malama, kada ku kwana biyu ba ku je ba.” A can aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, aka ga ƙarin da ya kusa toshe hanyar, aka ɗan gutsuro tsokar aka kai ɗakin gwaji. Bayan mako biyu sakamako ya fito, aka kuma yi hoton siti, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, na ƙirji da ciki don a ga ko sankarar ta bazu.

Babbar likitar sashen sankara ba ta ɓoye mana komai ba, kuma ina gode mata a kan haka fiye da komai. Ta zaunar da ni da ƙanena, ta ce wannan ciwo mai tsanani ne. Ko a Amurka, cikin mutum 100 da aka gano yana jikinsu, kusan 20 ne ke kaiwa shekara 5. In an kama shi tun yana wuri ɗaya, wajen rabinsu kan kai. In kuwa ya riga ya isa hanta ko huhu, ba sa kai 10. Na Baba ya taɓa kaluluwar da ke kusa, amma bai tsallaka zuwa wata gaɓa ba, don haka akwai abin yi. Ta ce irin nasa, wanda ke tasowa daga fatar da ta lulluɓe cikin bututun, yana jin gashi sosai, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, in aka haɗa da kemo, maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake sawa ta jijiya. Ta tambayi tarihinsa. Baba ya yi shekara talatin yana tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Legas, sigari ba ya rabuwa da bakinsa a lokacin, shayi kuwa sai yana tururi yake shansa. Ta ce taba ce kan gaba, amma tun 2016 masu binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo wannan ciwo. Tun daga ranar ba a ƙara miƙa wa kowa kofin shayi a gidanmu ba sai ya ɗan huce.

Kafin a fara komai sai da aka huda cikinsa aka sa masa robar abinci, don jikin da ya rame haka ba zai ɗauki magani ba. Umma ce ta riƙe wannan aiki. Sau shida a rana tana dama kunun gyaɗa da madara da ƙwai, ta tace shi sau biyu, ta zuƙa a babban sirinji, ta tura a hankali tana yi masa hira kamar suna cin abinci tare. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Umma, ba ni da bakin gode miki, Allah ya sa Aljanna ce sakamakonki.

Injin gashi ba a kowane gari yake ba. A duk faɗin Arewa wurare ƙalilan ne ke da shi, ga layi, don haka aka tura mu Abuja. Gashi 28 aka yi masa, Litinin zuwa Juma'a, kusan mako shida, ana haɗawa da ƙarin ruwan kemo. Gashin kansa bai wuce 'yan mintoci ba, kuma ba ya jin komai a lokacin. Wahalar daga mako na uku take farawa. Maƙoshin ya ɗaye, ko yawu ya haɗiya sai ya runtse ido, jininsa ya yi ƙasa har aka ɗage kemo sau ɗaya. A nan ne samarin unguwarmu huɗu suka hau mota da kuɗinsu suka zo suka ba da jini. Allah ya yi muku albarka, ya raya ku, ya ba ku masu yi muku.

Kawu, kai da iyalinka kun ba mu ɗaki a gidanku na wata biyu, kullum da asuba ka kai mu asibiti kafin ka wuce aiki. Jama'ar masallacin layinmu sun yi karo-karo sau uku. Tsofaffin abokan Baba na tashar mota sun tara abin da ya biya hoton siti na biyu. Matan adashinmu sun ba ni kwasa ta farko alhali ni ce ta tara a layi. Akwai kuma wanda ya turo kuɗi mai yawa ta asusun ƙanena, har yau bai bayyana kansa ba. Wanda ka yi dominsa ya san ka. Nas-nas ɗin sashen, musamman wadda ke kiransa “Babana” tana neman jijiya a hannun da ya bushe ba tare da ta ɗaga murya ba, Allah ya saka muku da alheri.

Akwai wani bawan Allah da ba zan rufe wannan saƙo ban ambace shi ba. Malamin makaranta ne daga wajen Maraɗi, benci ɗaya suke zama da Baba suna jiran layi. Sankarar huhu ce da shi, kuma bai taɓa shan taba ba. Ya yi wata shida cur yana shan maganin tarin fuka, duk da gwajin majinarsa bai nuna ƙwayar cutar ba, tari bai tsaya ba, har ya fara fitar da jini. Kafin a gane ainihin ciwon ya riga ya kama ƙashin bayansa. Likitoci sun ce haka na yawan faruwa a ƙasashenmu, don alamomin biyun suna kama da juna, kuma sankarar huhu ita ce ta fi kowace sankara kisa a duniya, wajen mutum miliyan 1.8 a shekara. Sun kuma ce akwai nau'inta, wanda aka fi samu a jikin marasa shan taba, da ƙwaya ɗaya a rana kan danne shi tsawon lokaci, in gwajin tsoka ya nuna ya dace. An aika da nasa gwajin, sakamako bai riske shi ba. Shi ne ke ƙarfafa wa Baba gwiwa a ranakun da ya ce ya gaji a mai da shi gida. Matarsa kuwa ita ta koya wa Umma zuba garin waken suya a kunu. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya dubi marayun da ya bari. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.

Wata uku bayan gashi na ƙarshe aka sake hoto, aka sake zura kyamara. Ba a ga ƙarin ba, sai tabo. Tabon ya tsuke hanyar, sai da aka buɗa ta sau biyu kafin abinci ya fara wucewa, aka kuma cire robar cikin a watan jiya. Yanzu kilo 57 yake. Na tambayi likita ko za mu ce ya warke, ta ce a bar wannan kalma tukuna. Ciwon kan dawo, galibi cikin shekara biyu zuwa uku na farko, don haka za su riƙa ganinsa duk bayan wata uku, sai an cika shekara 5 za a yi wannan magana. Mun karɓi haka da hannu biyu.

Da na ce masa zan rubuta godiya, sai ya ce, “Uwata, ki gaya musu na ci tuwo, kuma duk wanda na ɓata wa ya yafe mini.” To na isar. Masu son zuwa gaishe shi, bayan la'asar ya fi, don da safe yana hutawa. Za mu koma asibiti bayan Babbar Sallah, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Allah ya bar zumunci.