Man giyar da ke maƙale cikin kwanbata

Mai mota otomatik yakan kai ta gareji a canja mata man giya, a kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaye har ya koma ɗiga, a zuba sabo. Kwana biyu sai ya zaro geji ya ga man ya sake duhu, ya ce bakanike ya cuce shi. Sau da yawa ba cuta ba ce. Giyabos ɗin da ke cin lita 7 ko 8, abin da ke fita ta notin kasko, wato tiren man da ke ƙasan giyabos, bai wuce lita 3 zuwa 4 ba. Ragowar na cikin hanyoyin mai da tiyon da ke zuwa lagireto, mafi yawansa kuma yana cikin kwanbata.

Kwanbata ita ce ke tsakanin inji da giyabos, a gurbin da kuloci yake a mota mai giyar hannu. Siffarta kamar ƙaton gammon ƙarfe ne da aka jingine a tsaye. A ciki akwai fanka biyu suna kallon juna: ta ɓangaren inji tana watsa mai, man ya bugi ta ɓangaren giya ya juya ta. An yi mata walda ta ko'ina, ƙofarta ɗaya ce, a tsakiya, inda sandar ƙarfen da ta fito daga giyabos ta shiga. Saboda haka duk man da ke ƙasa da wannan ƙofar ba shi da mafita, ko da mota za ta kwana a kan rami da noti a kwance.

Sai dai in kamfani ya yi mata noti nata na kanta. A motocin da ke yawo a titunanmu, Marsandi ce ta yi suna da wannan. Tsofaffin 190 da Bi-but masu giya huɗu duk suna da shi. Giyabos mai giya biyar, 722.6, wanda ya fito wajen 1996, na farko-farkonsa suna da notin, amma wajen 1999 zuwa 2000 aka daina sa shi. Lokacin nan ne kamfanin ke cewa man na har abada ne, daga baya kuma ya koma ba da shawarar a canja a kilomita 60,000. Wasu tsofaffin Ford na Amurka ma suna da notin. Camry da Corolla da Accord kuwa kar ma ka ɓata lokacin nema.

In motarka na da shi, aikin na mutum biyu ne. A ɗan zagaya da ita man ya yi ɗumi, a ɗora ta a kan rami ko wuri mai daidai, a zare makulli a sa a aljihu. A fara tsiyaye kasko. A ƙasan ƙwaryar da ta rufe kwanbata akwai 'yar taga, wani lokaci da murfin roba. Mutum ɗaya ya kwanta da tocila yana kallon tagar, ɗayan ya sa soket mai lamba 27 a kan babban notin fulin gaban inji yana juyawa sannu a hankali, ta hannun da injin ke juyawa, wato yadda hannun agogo ke tafiya in kana tsaye a gaban mota. Kar a juya baya, sarkar taimin ba ta son haka. Kar kuma a ce za a taɓa sitata don a huta, notin zai wuce sau goma ba a tsayar da shi a taga ba, ga hannun mutum a wurin.

Da notin ya leƙo, tsaya. Ƙarami ne, na alanki mai lamba 5, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. Raminsa kan cika da datti, alanki ya shiga rabi, a murɗa, ramin ya cinye ya zama zagaye. Daga nan an shiga uku, don wurin matsattse ne, wani lokaci sai an sauke giyabos. A sa tsinke a ƙwaƙule ramin tas, a buga alankin ya zauna har ƙasa, sannan a murɗa. Man zai zo siriri, ba kamar na kasko ba, ya kai kusan lita 3, ya ɗauki mintoci. A bar shi ya gama. Kafin nan a sauke kasko, a canja filta, a goge baƙin ƙurar ƙarfen da ke jikin maganaɗisu, a sa sabon gaskit. Notocin kaskon 722.6 ƙarfin 8 Nm kawai suke so, ɗaurin yatsu da ɗan ƙari. Notin kwanbata ya koma da sabuwar washa, a ɗaure shi daidai wa daida. In ya yi yoyo, man zai riƙa fantsama cikin ƙwaryar, a zaci sil ne ya mutu.

Wajen zuba sabo, a auna abin da ya fita cikin jarka mai alamar lita. Kar a juye lita 7 gaba ɗaya inji na kashe. Kwanbata ba ta cika sai famfon giya ya tura mata, don haka man zai taru a kasko ya yi ambaliya. A zuba kamar lita 4 zuwa 5, a tayar da inji a bar shi a silo, a ƙara sauran kaɗan-kaɗan, ƙafa a kan birki ana bi ta P, R, N, D, kowanne a tsaya 'yan daƙiƙu.

Motar da ba ta da notin fa? Hanya mafi lafiya ita ce maimaici. A tsiyaye, a cika, a hau ta ta shiga duk giyoyinta, a dawo a sake. Lissafin a fili yake: in giya na cin lita 7, kowane zubi na fitar da 3, bayan zubin farko tsohon mai ya rage kashi 57 cikin ɗari, bayan na biyu kashi 33, bayan na uku kashi 19. Honda ma wannan take so a giyoyinta, ba injin wanke giya ba. Tana cin mai da yawa, gaskiya ne, lita 9 ke nan don a sabunta 7, amma ba abin da za ta lalata.

Akwai hanyar tiyo. Man da ya fito daga kwanbata lagireto yake nufa ya huce, to sai a cire tiyon da ke dawo da shi, a sa bakinsa a jarka, a tayar da inji. Lita ɗaya ko biyu ta fita, a kashe, a zuba madadinta, a sake, har man da ke fitowa ya koma ja kamar zoɓo. Tana fitar da kusan duka, amma tana son ido. In aka yi sakaci kasko ya ƙafe, famfo zai shaƙi iska ya yi gudu a bushe. Masu cewa a huda kwanbata da dirila a yi mata noti kuwa, a ganina ɓata kaya ne. Garin ƙarfe zai faɗa ciki, kuma abin da ke juyawa da gudun inji ba ya son a taɓa masa ma'auni.

Dubi man da ya fita tun kafin ka kashe kuɗi. In baƙi ne ƙirin yana warin ƙuna, mota kuma ta riga ta fara zamewa tsakanin giya, faya-fayan kulocin ciki ne suka cinye, sabon mai ba zai dawo da su ba. In ya yi kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ne ya shiga daga lagireto, sai an gyara can tukuna.

Irin man ma ba a yi masa kuɗin goro. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1 wanda ya gaji Z1, Marsandi 722.6 na tafiya da man da ke da lamba 236.14. Awo kuma da zafi ake yinsa, don mai na kumbura in ya ɗumama, a yawancin motoci inji na aiki, amma a Honda sai an kashe shi. Ita 722.6 ba ta zuwa da geji, bututun a toshe yake, sai an nemo dogon gejin gareji a auna man yana kan digiri 80. In ya gaza, giya za ta yi jinkirin kamawa da safe. In ya yi yawa, zai yi kumfa, ya yi zafi a cunkoso, ya fito ta hancin numfashin giyabos.