Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kango Amana Ne

Na yi alkawarin wannan makon zan shiga labarin aurena, amma ku yi haƙuri. Tun ranar Juma'a maganar soron Baba ta hana ni barci.

Shekarata ta biyu ke nan a Kofanhegan, babban birnin Denmark, ina aikin lebura a wajen masu gyaran tsofaffin gine-gine, na fara jin sunan Ferdinand Meldahl, mai zanen gine-gine. Dattijon da nake miƙa wa bulo ne ya ja ni wata rana bayan an tashi, muka bi ta fadar Amalienborg muka tsaya gaban cocin Frederik, wanda suke kira Cocin Marmara. Ya ce in dubi ƙubbar. Faɗinta mita 31, tana zaune a kan ginshiƙai 12. Ni ɗan magini ne, jikan magini, na girma ina kallon bakan gizo da ɗaurin guga a Zariya, amma wuyana sai da ya ƙage.

Labarin ginin ya fi girmansa taɓa ni. Sarki Frederik na Biyar ya aza harsashi a 1749. Kuɗi suka gaza, a 1770 aka dakatar da aiki, gini ya zama kango a tsakiyar birni, fiye da shekara 100 ruwa da ƙanƙara suna dukansa. Babu wanda ya rushe shi. Daga baya wani attajiri, Tietgen, ya karɓi wurin, Meldahl ya ɗora a kan abin da ya tarar. Marmara ta yi tsada, sai ya ƙarasa da farin dutse mai araha, aka buɗe a 1894.

Nan na ji muryar Baba. Allah ya jiƙansa, kullum cewa yake, "Kango amana ne, ba a rushe hannun wanda ya riga ka."

Ni fa ina Legas lokacin da Baffa ya sa aka ture soron. Damina ɗaya ta cinye kusurwar gabas, azara uku suka karye, shi ke nan. Aikin mako biyu ne ga mai tubali da makuba. Da na dawo na tarar da shaguna huɗu na bulo da kwano a inda zankwaye suke, na ce, "Baffa, da an jira ni." Ya ce, "Kai yaro, ƙasa ta yi zamaninta." Inna ta dafa kafaɗata na yi shiru, don ba a musu da ƙanin uba a zaure. Shirun nan har yau yana ci mini rai.

Dattijon ya gaya mini Meldahl ma da cokalin gini ya fara, ya koyi aikin birkila kafin ya shiga makarantar zane. An haife shi a 1827, ya rasu a 1908. Lokacin da gobara ta cinye fadar Frederiksborg da ke Hillerød a Disambar 1859, shi aka danƙa wa sake ta da ita, ya bi tsohon fasalin zamanin Sarki Christian na Huɗu, hasumiya da jan bulo da komai. Na je can sau uku, da kuɗin aljihuna. Gidan majalisar Aisland a Reykjavík ma zanensa ne. Matasan zamaninsa sun ƙi shi, suna ganin ya danne makarantar zanen kuma kwaikwayon mutanen da kawai ya iya. Ni ban yarda kwaikwayo aibi ne ba. Baba bai taɓa ɗaura guga ba sai ya ambaci Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma bai ji kunyar hakan ba ko sau ɗaya.

Bara ɗan Baffa ya kira ni, wai shagunan sun tsage, ko zan taimaka. Na aika, saboda zumunci. Amma sai da na tambaye shi, "Ƙane, harsashin soron yana nan a ƙasa?" Ya ce yana nan, ba su tone ba. Na ajiye waya na daɗe a zaune. Kango amana ne, in ji Baba, kuma na riga na nemo wani tsohon almajirinsa a Tudun Wada da har yanzu yake kwaɓa ƙasa.

Maganar aure sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.