Matcha mai ƙanƙara da mangwaro, haɗin gida

A zafin Afrilu na fara haɗa matcha mai sanyi, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa har masu talla na roƙon a saya. Garin matchan tsaraba aka kawo min shi, ɗan gwangwani mai giram 30. Da ƙanwata ta leƙa ciki sai ta ce, "Yaya, garin kuka za ki sha da ƙanƙara?"

Matcha garin ganyen shayi ne na Japan, amma ba irin wanda ake jiƙawa a tace ba. Saura mako uku zuwa huɗu a tsinke shi, manoma kan yi wa shukar rumfa su tare mata rana, shi ya sa yake kore shar kuma ɗacinsa ke raguwa. Daga nan a turara ganyen, a busar, a cire jijiyoyinsa, a niƙa da dutse. Dutse ɗaya ba ya niƙa abin da ya wuce giram 30 zuwa 40 a awa guda, ka ga kenan ɗan gwangwanina aikin kusan awa ɗaya ne. Na Uji, kusa da Kiyoto, shi ya fi suna, sai na Nishio.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne gane cewa garin nan ba ya narkewa. Yawo kawai yake yi a cikin ruwa, in an bar shi ya kwanta. Saboda haka tankaɗe ya zama dole. Cokalin shayi ɗaya nake ɗiba, wajen giram 2, in tura shi ta ƙaramar rariya da bayan cokali. In ba a yi haka ba, gudaji zai yi, ƙanana masu ɗan karen ɗaci, su fashe maka a harshe kana tsakiyar jin daɗi.

Sai ruwa. Tafasasshe yana fito da ɗaci da bauri, abin da ake so digiri 70 zuwa 80. Ba ni da ma'aunin zafi, don haka in ruwan ya tafasa sai in juye shi a wani kofi, in ba shi 'yan mintoci ya sha iska. Babban cokali huɗu ya isa. Japanawa suna da maburgin gora na musamman da suke kira chasen, suna kaɗawa gaba da baya da sauri, ba zagayawa ba. Ni kwalba mai murfi nake amfani da ita, in girgiza har kumfa ta taso. Masu tsantseni a harkar shayi za su yamutsa fuska, amma a kofin da madara da mangwaro za su shiga, ban ga bambancin da zai sa in nemi chasen ba. Haka ma garin mai tsada da ake tanada don sha zalla: asara ce a nan, matsakaici ya wadatar, in dai launinsa bai koma ruwan ƙasa-ƙasa ba.

Zaƙin daga mangwaron nake so ya fito. Mai aure nake saya, wanda ya nuna sosai, in markaɗa rabi, rabin in yayyanka ƙanana don a samu abin taunawa. Mai zare sai an tace shi, in ba haka ba ya toshe tsinken zuƙa. Sukari ko zuma cokali ɗaya, a cikin mangwaron ake sa shi, ba a matchan ba. Sitiroberin Jos ma yana yi, sai dai yana da tsami, gara a ɗan dafa shi da sukari ya yi kauri a bari ya huce. Ɗanyar abarba kuwa ba ta shiri da madara: in suka ɗan zauna tare madarar ta tsinke, ɗaci ya biyo baya. In ita ake sha'awa, a haɗa da ruwan kwakwa.

Jerawa a tambulan na gilashi: mangwaro a ƙasa tunda shi ya fi nauyi, ƙanƙara har kusan baki, madara mai sanyi, sannan a tsiyaya matcha a hankali a kan ƙanƙarar, ba kai tsaye cikin madarar ba. Rawaya, fari, kore, kowa a gurbinsa. Madarar gari nake damawa, kuma nakan sa ta yi kauri fiye da ta shayi, domin ƙanƙara a zafinmu ba ta jira, nan da nan ta tsinka komai. Kafin sha a juya sosai, don kurɓar farko ba tare da juyawa ba matcha ce zalla.

Yana da sinadarin kafin, tunda ganyen gaba ɗaya ake haɗiyewa, shi ya sa ba na shansa bayan la'asar. Gwangwanin kuma a rufe shi ruf, nesa da murhu da hasken taga, a ƙarar da shi cikin wata ɗaya ko biyu da buɗewa, kafin ƙanshin ya gudu.